Itacen Da Ya Bushe Da Wanda Zai Gaje Shi

Babu mai gida, a birni ko a ƙauye, wanda zai ga itacen da ya dasa da hannunsa, ya yi ta ɗawainiyar ba shi ruwa rani bayan rani har ya kai ga yin inuwar da ake shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, ya fara kaɗe ganye ba a lokacin kaɗewa ba, rassansa na sama suna bushewa ɗaya bayan ɗaya, face ransa ya ɓaci. Abin da galibin mutane kan yi a nan sananne ne: a ce kwanansa ne ya ƙare, a kira mai gatari, in damina ta faɗi a sayo wani ɗan dashe irin wancan ɗin dai, a tura shi cikin ramin da na farko ya mutu. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai musun ta, amma Ubangijin da ya ƙaddara mutuwar itacen shi ne ya sanya mata sababi, wanda kuwa bai binciki sababin ba, la'alla bayan shekara biyu ya sake tsayawa a kan wani busasshen. Manoman gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji, a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, sun sha wahala mai tsanani a kan wannan mas'ala kafin su gano bakin zarenta, kuma abin da ya fisshe su a gona zai fisshi mai lambu da mai tsakar gida.

Ba mu kaɗai ke da wannan damuwa ba. A ƙasashen sanyi irin su Ingila da Faransa akwai wani jinsin itatuwa masu siririn ganye kamar allura, waɗanda ke zama kore shar duk tsawon shekara, ana jera su a yi shinge da su a kewaye lambu. Babbar illarsu ita ce mafi yawansu ba su tohowa daga tsohon reshe, balle daga kututture, saboda haka duk ɓangaren da ya bushe ya bushe ke nan, sai dai a tumɓuke a nemi wani abin dasawa. A shekarar 1986 aka ga wani ɗan ƙwaro mai tsotse ruwan jikin wani iri daga cikinsu a ƙasar Malawi, a 1990 ya isa Kenya, ya busar da shingaye da gandun katako masu yawan gaske, domin an shuka iri guda a wuri mai faɗi. Yanzu a garuruwanmu ma akan ga danginsu a ƙofar wasu manyan gidaje da masaukan baƙi, an sayo su da tsada saboda kyan gani, alhali kuwa ba a halicce su don zafin bazararmu ba. Muddin famfo ya ɗauke na 'yan makonni, sai ka tarar sun yi ja sun ƙeƙashe. Mai irin wannan, shawarar da zan ba shi gajeriya ce: in ya bushe ya cire shi, kada ya sake zuba kuɗinsa a kan ɗan'uwansa.

Mu dai namu baƙon itacen da ya zama ɗan gida shi ne bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro ko darbejiya. Asalinsa daga ƙasar Hindu ne, Turawan Ingila suka dasa shi a Barno a 1928, daga nan ya bazu har ya zamana babu kasuwa ko makaranta ko bakin hanya a ƙasar Hausa da ba a sha inuwarsa. Tun daga 1975 ƙungiyar CARE ta jera shi sahu-sahu a kwarin Majiya, a jihar Tawa, don ya tare wa gonaki iska. Sai ga shi a ƙarshen 1990 labari ya fito daga Nijar cewa bedi yana mutuwa. Tsofaffin ganyaye su yi rawaya su zube, reshe ya tsaya tsirara da ɗan tukun ganye a can ƙarshensa, har masu bincike suka kamanta shi da wuyan raƙumin dawa, wani lokaci ƙaro ya riƙa tsattsafowa daga kan rassan, daga baya reshen ya mutu. Hankalin hukuma ya tashi ƙwarai, aka gayyato masana cututtukan itatuwa daga ƙasashen waje, suka zaga, suka ɗebi ganye da saiwa da ƙasa suka auna. Ba su sami wata ƙwayar cuta guda da za a ɗora wa alhakin ba. Abin da ya rinjaya a ra'ayinsu shi ne wahala ce ta taru ta yi wa itacen yawa: ƙarancin ruwan sama shekara da shekaru, da ƙasar da ƙafar mutane da ta dabbobi ta daddaɓe har ruwa ba ya ratsa ta, da cunkoson dashe; wasu kuma suka ƙara da cewa bedin yankin nan duka daga 'yan iyaye ƙalilan ya fito, don haka rauninsa iri ɗaya ne. Wannan annoba ba ta ƙarar da bedi ba, ga shi nan har yau, amma ta nuna cewa itace kan mutu da ƙishi da matsi fiye da yadda yakan mutu da cuta, kuma maganin feshi ba ya warkar da ƙishi.

Saboda haka wajibin farko a kan mai itacen da ya fara bushewa shi ne tahƙiƙi, kuma ba ya bukatar kayan aiki fiye da 'yar wuƙa da idon basira. Ya kama ƙaramin reshe ya ɗan kankare ɓawonsa. In ya ga kore da danshi a ƙarƙashi, da sauran rai. In ya ga ruwan ƙasa a bushe, reshen kuma ya karye ƙaras, wannan ya tafi. Sai ya sauko zuwa babban reshe, sa'an nan gangar jiki, sa'an nan gindi, yana kankarewa kaɗan-kaɗan har ya gane iyakar inda mutuwa ta tsaya. Daga nan ya tona ƙasar gindin da hannu. Sau da yawa a nan asirin yake: ya tarar da guntun ledar da aka reni dashen a ciki, ba a yanke ta ba ranar dasawa, saiwar ta nannaɗe kanta ta kasa nutsawa; ko ya tarar an binne wuyan itacen da zurfi har ya ruɓe.

Gara ita ce ake fara tuhuma, amma a galibi zaluntar ta ake yi, gama ta fi cin abin da ya riga ya mutu, in ban da ƙananan dashe, musamman na turare, waɗanda takan ci saiwarsu da ransu. Masu laifin na haƙiƙa sun fi kusa da mu. Akwai simintin da aka malala har jikin itacen don tsabtar tsakar gida, wanda ya hana ruwa da iska isa ga saiwa. Akwai ruwan wanki mai sabulu da ake kwararawa a gindi guda kullum, da sharar da ake tarawa a jikinsa a cinna mata wuta, da akuyar da aka ɗaure a nan tana gurgurar ɓawo. Akwai kauci, wanda tsuntsaye ke liƙa 'ya'yansa a reshe, ya kafa saiwa a cikin naman itacen yana shan ruwansa. Maganinsa a sare reshen ta ƙasa da inda ya kama, tun bai yaɗu ba. Mafi muni duka shi ne sassaƙe. Abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, don haka in masu neman magani suka sassaƙe ɓawon ya kewaye gangar jiki, an yanke wa saiwa abinci ke nan, itacen zai ci gaba da yin kore na wani lokaci, mai shi yana zaton lafiya, kana ya mutu gaba ɗaya. Wanda larura ta sa shi ɗibar sassaƙe, ya ɗiba ta gefe guda, ya shafe wurin da laka.

In bincike ya nuna gangar jiki da rai, kada a yi gaggawar kayarwa. Bedi da mafi yawan itatuwanmu suna da wata baiwa wadda waɗancan masu ganyen allura ba su da ita, wato in aka datse busassun rassa da kaifin gatari gab da faɗuwar damina, aka fasa ƙasar gindi aka zuba ruɓaɓɓen taki, sai su fesa sabon toho. In kuwa ya mutu har ƙasa, to, kayar da shi ya zama tilas kafin iskar farkon damina, domin busasshen itacen da ya jingina ga katangar maƙwabci ko ya rinjaya kan hanya cuta ce, kawar da cuta kuwa shari'a ta ɗora ta a kan mai abin. Sai dai a sani cewa gawo da aduwa da kuka da tsamiya da goriba suna cikin itatuwan da dokar Nijar ta kare, ya kamata a sanar da ma'aikatan gandun daji kafin a sa musu gatari.

Sauran tambaya ita ce abin da zai gaji mamacin, a nan ne kuma tarihin ƙasar Maraɗi yake da abin faɗa. Bayan farin 1973 da 1974 gwamnati da ƙungiyoyin agaji suka duƙufa ga dashe: aka buɗe wuraren renon itatuwa, aka keɓe filaye a ƙauyuka, aka dasa turare da bedi da wasu baƙin iri, aka mai da ranar 3 ga Agusta, ranar samun mulkin kai, ta zama ranar dashen itace. Niyya kyakkyawa ce, amma kaɗan ne ya rayu daga abin da aka dasa. Iska mai yashi ta turbuɗe wasu, awaki suka cinye wasu, sauran kuma ba wanda ya ɗauke su nasa balle ya tsare su. A lokacin nan al'ada ita ce manomin kirki shi ne mai gona fes, wanda in ya yi sassabe ba ya barin ko tsinke, ya tara ya ƙone. Dokar daji ta 1974 kuma, wadda ta gaji ta zamanin Faransa, ta sa talaka yana ganin itacen da ke gonarsa na hukuma ne, ba abin da zai jawo masa sai tara. Sa'an nan ga yunwar 1984, wadda mutane suka laƙaba wa suna El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya da Buhari ya yi. A watan Mayu na wannan shekara, zamanin Shugaba Seyni Kunce, aka yi babban taron ƙasa a birnin Maraɗi a kan yaƙi da hamada.

Shekara guda kafin haka, a 1983, wani malamin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya kuma gaji da ganin dashensa yana mutuwa, ya tsaya a hanyar ƙauye don ya rage iskar tayar motarsa saboda yashi. Idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi irin wanda ake gani ko'ina a gonaki, ya matsa ya duba ganyensa, sai ya gane ashe tohon itace ne da aka sare tun da daɗewa, kututturen da saiwar suna nan da ransu a ƙasa, kowace shekara su toho, kowace shekara a sassabe su. Ba na cewa shi ya koya wa Bahaushe cewa kututture yana toho, wannan kowace mai neman itacen girki ta san shi. Abin da ya yi shi ne ya nace a kan a daina kashe tohon, a rene shi. Da yunwa ta zo aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona. Da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari, aka yi ta yi musu dariya ana ce musu ragwaye, suka ga iska ta daina binne musu shuka, ga itacen wuta a kusa, ga ganyen dabbobi da rani, gero kuma bai ragu ba. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Wannan shi ne abin da ake kira sassabin zamani.

Yadda ake yin sa ba wuya. Mutum ya tsaya a kan kurmin kalgo ko sabara ko taramniya, ya zaɓi sanda ɗaya zuwa biyar mafi miƙewa da ƙarfi, ya sare sauran, kana ya kakkaɓe ƙananan rassan gefe na waɗanda ya bari har zuwa rabin tsayinsu, yana sara daga ƙasa zuwa sama da makami mai kaifi don kada ɓawo ya tsage. Wasu sukan ɗaura ɗan ƙyalle a jiki don mai wucewa ya san da mai shi. Hikimar abin a saiwa take. Ɗan dashen leda sai ya yi shekaru yana neman hanyar ruwa, shi kuwa tsohon kututture rijiya ce ginanniya, guga kaɗai take jira. Shi ya sa a damina biyu ko uku tohonsa kan wuce tsayin mutum ba tare da an ba shi ko moɗa guda ta ruwa ba.

A gundumar Agye, inda asusun raya noma na FIDA ya tallafa wa ayyukan karkara tun shekarun 1990, ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna a wannan fanni har ana zuwa daga wasu ƙasashe don a gani. Abin da ya fi burge ni a labarinsu bai tsaya ga sara da kakkaɓa ba. Sun fahimci cewa itacen da aka rena shekara uku ɓarawo kan sare shi a dare ɗaya, sai suka kafa kwamitin tsaro, suka sa mata a ciki, suka sa makiyaya, suka ajiye ƙa'ida da tara, daga baya har suka buɗe kasuwar itace ta kansu. A shekarun 2000 masu bincike da suka gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam suka ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya, galibinsu a jihohin Maraɗi da Damagaram, sun kai kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. Dokar daji ta 2004 ta sassauta, a watan Yuli na 2020 kuma gwamnati ta fitar da doka ta musamman wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan abin da ya rena. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo a Suwidin tare da Yakuba Sawadogo, manomin nan na Burkina Faso.

To, mai lambu ko mai fili da itacensa ya mutu, kafin ya nufi wurin masu sayar da dashe, ya fara zaga iyakar wurinsa ya ga abin da ke tohowa da kansa. In ya sami ɗan gawo, ya yi arziki, domin gawo yana kaɗe ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya yi inuwa da rani, 'ya'yansa abincin dabbobi, ƙasar gindinsa kuma ta fi ko'ina albarka. Ba banza ba ake ba da labarin tsananin hukuncin da Sarkin Damagaram Tanimu ya ajiye wa mai sare shi a ƙarni na 19. In kirya ya samu, ya riƙe ta da kyau, gama masassaƙa turmi da masu gawayin ƙira sun rage ta ƙwarai. A kwarin Gulbin Kaba kuwa, kabar da ake yanka kowace shekara don tabarma da igiya ita ce goribar gobe, in an keɓe wasu an bar su su tashi.

In babu abin rena, sai dashe, kuma zaɓi ya bi ƙasa da bukata. Wannan yanki na Maraɗi ruwansa na shekara galibi tsakanin milimita 400 ne da 600, ƙasarsa kuma jigawa ce mafi yawa, sai geza mai tauri, sai fadamun Gulbin Maraɗi wajen Tsibiri da Gidan Rumji. Mai son shinge a jigawa ba shi da kamar aguwa: a sari rassanta a kafa su a jere a ƙarshen rani, kafin ruwa ya sauka, domin in ƙasa ta jiƙe sharkaf ruɓewa suke yi, dabba kuma ba ta cin ta. Dashi ma haka ake kafa shi. Mai son shingen da ko ɗan akuya ba zai ratsa ba ya haɗa magarya da dirga da bagaruwa, ya shuka su kusa da kusa, ya riƙa datse kansu don su cika ta ƙasa. Ƙwayar bagaruwa da ta dirga tauri gare su, sai an jiƙa su a ruwan zafi sun kwana kafin su tsira da wuri. Akwai kuma magarya mai aure, wadda aka ɗora wa reshen wata irin ta ƙasar Hindu, 'ya'yanta manya masu nama, saiwarta kuwa tamu ce ta gida mai jure fari.

A tsakar gida, inda ake samun ɗan ruwan alwala da na ɗauraye kwano, ni lalle nake fifitawa a kan duk wani abin ado da ake sayowa. Yana karɓar aski ya yi shinge madaidaici, furensa yana da ƙanshi, ganyensa kuma kuɗi ne a hannun matan gida. Bayansa sai zogale, wanda lambunan Maraɗi suka shahara da shi, mai saurin girma, wanda in aka datse shi daidai ƙugu yakan yi rassa da yawa a riƙa tsinkar ganye ana kwaɗo. Turare dai a nisanta shi da rijiya da gini da kuma kayan lambu, saboda zarin ruwansa. Kome aka zaɓa kuma, kada a cika wuri da iri guda, don kada abin da ya sami bedi a 1990 ya sami shingen duka a shekara ɗaya.

Ramin dashe a gina shi tun kafin ruwa, zurfin kamu guda da faɗin haka, a ɗan kauce wa gurbin wanda ya mutu, a gauraya ƙasar da takin da ya riga ya ruɓe. A dasa in damina ta kankama, cikin Yuli ko farkon Agusta, da yamma, a yanke gindin ledar a cire ta ɗungum, a daidaita wuyan dashen da fuskar ƙasa. Wanda ruwa ke yi wa wuya ya binne tsohon tulu a gefen ramin, ya riƙa cika shi yana rufe bakinsa, danshin zai riƙa tsattsafowa zuwa saiwa a hankali. Malamai sun ƙidaya dashen itace cikin sadaka mai gudana, amma sai itacen ya rayu mutum ko tsuntsu ko dabba za su ci daga gare shi, rayuwarsa kuwa a rani uku na farko take, lokacin da aka saki dabbobi bayan girbi kuma babu wani kore a gari sai shi. Dole a kewaye shi da ƙaya ko kara ko tubali, a riƙa duba kewayen kamar yadda ake duba dashen.

Saura mas'ala guda ga wanda ke noma gonar aro ko ta jingina. Malaman fiƙihu sun lissafa dasa itace cikin abubuwan da ake raya matacciyar ƙasa da su har a mallake ta, al'adarmu ma tana kallon dashe a matsayin alamar mallaka, shi ya sa masu gona da yawa ba su yarda ɗan aro ya dasa kome. Irin wannan mutum ya zauna da mai gonar tun kafin damina, a gaban mai gari ko shaidu, a fayyace wanda ke da itacen da wanda ke da rassa da 'ya'ya, in da hali a rubuta.